Ranar Hutun Teku

Ticha Boakye ya kawo yara ashirin daga Kumasi zuwa sansaninmu na bakin teku, da alkawarin za su ja taru tare da masunta. Ni kuwa dariya ta kusa kayar da ni.

Na ce, "Haba Ticha, yau fa Talata ce! A al'adar nan ba mai shiga ruwa ran Talata, teku hutawa take yi."

Sai na kai su farautar ƙaguwa a cikin yashi, suna ta ihu. Wata 'yar mitsitsiya, Afrakoma, ta tsaya kallon igiyar ruwa tana dukan gaɓa kamar aradu.

Ta ce, "Anti, wannan ne hutun? To gobe in ta koma aiki, ku ja tarunku, ni ina cikin mota!"