Fankar Saman Silin

Auta yana kwance rigingine a kan katako, tsakanin silin da kwanon rufi, sukurdireba a baki, gumi yana shiga masa ido. Shekararsa arba'in da uku, ga furfura a gemu, direban bas ne da fasinjoji ke shakka, amma a gidan nan har gobe Auta ake ce masa. Ya ɗaure ƙusa ta ƙarshe, ya haɗa wayar da ta sauko daga farantin sola da ya kafa a waje tun da safe. Fankar da ya ɗaura a nan don ta zuƙe zafin saman silin ta yi ɗan tari, sannan ta kama juyawa.

Ƙarfe huɗu za a sallamo Baba daga asibiti. Likita ya ce zuciyarsa ba za ta jure zafi ba, ɗakin Baba kuwa shi ne na sama, daidai ƙarƙashin wannan tanderun. Yaya, babbar yayarsu, ta riga ta yanke hukunci a waya: in ta shiga ɗakin ta ji shi yadda ta san shi, gidanta za ta wuce da tsohon. Yaya ba ta magana biyu. Auta kuma ya san in Baba ya tafi can, sai dai a riƙa zuwa gaishe shi ranar hutu kamar baƙi, kuma abin yana ci masa rai ƙwarai.

Ya sauko ya tsaya a tsakiyar ɗakin Baba, ya ɗaga hannu sama yana jiran sauƙi. Shiru. Ya leƙa waje ya dubi farantin, rana na dukansa sosai. Ya koma sama, fanka tana ta aikinta, zafi kuma yana nan daram. Ya sauko, ya duba agogo, ya sha ruwa a tsaye, ya sake hawa. Sau huɗu ke nan, har tsanin ya fara kuka da shi.

Matarsa, wadda ke canza zanen gadon Baba, ta ce masa in zirga-zirga na sanyaya ɗaki, da yanzu sun nemi bargo. Bai yi dariya ba. Sai ta nuna masa ƙofar ɗakin, wadda ke ta rufe kanta ba wanda ya taɓa ta.

"Fankarka fitar da iska take yi," in ji ta. "To ta ina wata za ta shigo mata?"

Mai shagon da ya sayar wa Auta fankar ya gaya masa haka, shi ne dai ya gyaɗa kai alhali hankalinsa na kan hanya. Ya rarrafa zuwa inda rufin ya sunkuyo ya haɗu da bango, ya haska da wayarsa. Ƙananan tagogin iska guda takwas ne a jere, kowacce an cusa mata tsofaffin jaridu da tsummoki har ta ƙoshi. Aikin Baba ne, tun zamanin da ya yi yaƙi da jemagu ya ci nasara.

Auta ya shiga zaro su da hannu, ƙura na turnuƙe shi, kwano na ƙona masa ƙeya. Yana buɗe ta biyar ya ji iska ta bi ta cikin rigarsa. Da ya gama ya buga musu ragar sauro da ƙusa, ya sauko ya zauna a bakin gadon yana jira. Kafin ƙarfe uku da rabi ya ɗora tafin hannu a silin, ya ji ɗumi kawai, ba wuta ba. Daɗi ya kama shi.

Motar Yaya ta tsaya a ƙofa. Baba ya fito a hankali, rigarsa ta yi masa yawa, Yaya na riƙe da gwiwar hannunsa. Auta ya gaishe su a gurguje, ya ce su hau su ji da kansu. Baba ya kama ƙarfen matakala, ya taka ta farko, ya taka ta biyu, ya tsaya yana haki. Ya ɗaga kai ya dubi sauran goma sha biyun.

Duk wunin nan Auta bai tuna da matakala ko sau ɗaya ba. Yaya ta gyara mayafinta, makullin mota ya yi ƙara a hannunta. Auta ya dubi matarsa, ita ma shi take kallo, sai ta juya ta tura ƙofar ɗakinsu na ƙasa, mai inuwa, ta fara kwashe kayan kan madubi.

"Nan za ka zauna, Baba," in ji Auta. "Mu za mu koma sama."

Yaya ta shiga ɗakin, ta tsaya jim, ta taɓa bango, ta fito. Ba ta ce ta yarda ba, amma ta ajiye jakar magungunan a kan tebur.

Baba ya dubi ɗansa, tun daga ƙurar kansa har baƙin da ke gwiwoyinsa.

"Ashe kanka ka yi wa aiki, ja'iri," ya ce. "To zo ka sauko da ni."