Kwat ɗin Genivaldo

"Cire kwat ɗin nan, Genivaldo! Biki za ka?"

Dotora Zuleide ce ke masa tsawa daga kan gado. Ciwo ya cinye rabin muryarta, amma kaifin na nan. Mijina ya tsaya bakin ƙofa, ƙugu a karkace, kwat shuɗi ya sha guga.

Katanga ɗaya ta raba gidanta da namu a kan tudun unguwarmu a birnin Recife. Lauya ce, don a nan har lauya Dotora ake ce masa, aikinta ƙwato wa waɗanda jiki ya gaza tallafin gwamnati. Gogan nawa kuwa magini ne, ya faɗo daga bene, bayansa ya lalace. Duk zuwan da ya yi gaban likitan hukuma sai a maido shi hannu rabbana. Dalili? Sai ya caɓa ado, likita ya ce yaya jiki, shi kuma ya washe baki: "Lafiya lau, mun gode Allah." Kamar in shaƙe shi! Yanzu an sake sa masa ranar ganin likita, shi ya sa muka zo ta horar da shi. In aka sake hana shi, sai komawa hawa tsani, kuma na san a can zai ƙare.

"Marlene, zauna nan, ke ce likita," in ji ta.

Na gyara murya, na kira shi da Seu, wato Malam, kamar yadda likita ke yi. "Yaya jiki, Seu Genivaldo?"

"To... da sauƙi."

Sai ga silifas ya wuce ta gefen kunnensa.

"Sauƙin me? Wa ke ɗaura maka takalmi da safe?"

Ya sunkuyar da kai. "Marlene."

"To faɗa masa haka! Ban ce ka yi ƙarya ba. Gaskiyar ce kake jin kunyarta."

Kowa a unguwa ya san mafarin wannan zafi nata. Injin matse rake ya cinye wa ubanta yatsu, ranar ganin likita ya cusa hannun a aljihu don kunya, aka sallame shi ba ko sisi. Da tallar dafaffen rogo ta yi karatun lauya.

Muna cikin haka nas ta shigo da allura. "Yaya jiki, Dotora?"

"Lafiya lau, 'yata."

Genivaldo ya tafa hannu. "Au! Ashe har da ke?"

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. "Ni me nake nema wurinsu? Adana kwat ɗin, ka sa mini ranar jana'izata."

Da tsohuwar rigar aiki ya tafi. Ya gaya wa likita komai, har da takalmin, aka amince. Na ruga na sanar da ita. Ta ce, "Jakin ya ji magana," ta sa na haɗa mata kofi mai sukari.

Ba ta kai ƙarshen makon ba.

Ranar jana'iza layinmu ya cika da sanduna da kekunan guragu, samari na ɗauko su a kafaɗa suna hawo tudu. Na yi kuka, amma dariya ta fi yawa, don kusan kowa na da labarin silifas ɗinta.

Genivaldo ya fito cikin kwat, takalmi a kwance. Maimakon ya kira ni ɗaki kamar kullum, sai ya zauna kan dakalin ƙofar gida, a gaban jama'a, ya miƙo mini ƙafa. Na durƙusa na ɗaura masa.