Yadda Mai Walda Ya Tambayi 'Yarsa

Mai Walda ya gaji da kotun nan. Fanka na juyawa ba iska, bayansa ya ƙage, ga ƙofofin mutane ya baro a shago rabi da rabi.

Ƙaninsa Auta ake tuhuma, yaron da ya taso a hannunsa. Matar Mai Walda ce ta kai ƙara, ta ce Auta ya taɓa musu 'ya. Yau Mai Walda zai ba da shaida, kuma lauyan Auta ne ya kira shi, don shi ya tambayi yarinyar da bakinsa ta ce ba a yi mata komai ba. In ya faɗi haka ya yi shiru, Auta zai kwana a gida.

Kafin shi aka kira wata likita mai nazarin halin yara. Muryarta a dishe, da gani ta sha faɗin maganar nan a ɗakuna irin wannan. Ta ce yaro yakan musa abin da aka yi masa, balle in na gida ne ya yi. Tsoro ne, da kunya, wani lokacin ma son mutumin yake yi. Fuskar mai tambaya yake karantawa, ya ba shi amsar da ba za ta rushe gidan ba.

Yayarsu, da ke zaune kusa da Mai Walda, ta zungure shi. "Wannan ko ɗan kaza ta taɓa raino?"

Lauyan Auta ya miƙe yana murmushi. "Wato likita, in yaro ya ce e, an yi. In ya ce a'a, nan ma an yi. To mu tattara mu tafi gida mana."

"Ban ce an yi ba, ba na wurin," ta ce. "Na ce a'ar yaro ba ta rufe magana. A duba wa ya tambaye shi, wa ke tsaye a gefe."

Mai Walda ya sunkuyar da kai. Shi a shago ba ya sauraron maganar bayan ido. In mai kaya ya ce an cuce shi, sai ya kira ma'aikacin, ga ka ga shi, a yi ta a gama. Hakan ya ɗauka adalci, hakan kuma ya yi a gida. Ya kira Auta, ya tsayar da yarinyar a tsakiyar ɗaki, ya ce, "Ga baffanki nan. Dube shi ki faɗa." Ba baffan ta duba ba, shi ta duba. "Ba komai, Baba."

Aka kira Mai Walda, ya rantse. Lauyan Auta ya fuskance shi.

"Me 'yarka ta ce maka?"

"Ta ce ba komai."

"Madalla. Shi ke nan, mai shari'a."

"Da saura," in ji Mai Walda.

Lauya ya so ya tare shi, alƙali ya ce a bar shi.

"A gaban Auta na tambaye ta. Hannunsa ma yana kafaɗarta. Ni ban san abin da ya faru ba, ranka ya daɗe. Amma kar a ɗora komai a kan tambayar nan tawa. Ba tambaya ba ce."

Ya sauko. Yaya ta kau da kai. Matarsa ma ba ta matsa ta ba shi wurin zama ba. Ya jingina da bango har aka ɗage zaman.