Idan An Ji Hon Ɗin Sulle

Karo na uku ke nan Malam Sulle yana goge gilashin motarsa. Ya hura masa iskar baki, ya murza da tsumma, ya ja da baya ya ƙanƙance ido, amma hazon yana nan inda ya bar shi.

"Salisu, da wane irin ruwa kuka wanke mini mota? Kamar an shafa mata koko."

Salisu, ɗan kamashon da ke yi masa lodi a tashar Ƙaraye, ya dubi gilashin. Fes yake, har ƙyalli yake yi. Ya karɓi tsumman ya ɗan shafa don kawar da zance.

"Ka yi haƙuri Baba, yaran ne ba sa wanki da kyau. Amma yau da ka huta mana? Ga Abdulmumini can zaune ba shi da mota, sai ya kai maka lodin Rogo ya dawo."

"Abdulmumini? Wanda na kai uwarsa asibiti tana naƙudarsa? Ɗaura kaya, Salisu, rana na yi."

Salisu ya ɗaura kaya. Ba wanda ke jan magana da Sulle direba a tashar nan, don rabin masu riƙe da sitiyari a wurin ko shi ya koya musu, ko shi ya koya wa wanda ya koya musu. Shekararsa saba'in da biyu, arba'in da shida daga ciki a kan hanyar Ƙaraye zuwa Rogo ya yi su, kuma abin da ya fi alfahari da shi a duniya shi ne ko kaza bai taɓa takewa ba. In ka zauna kusa da shi minti biyar za ka ji wannan labarin, ko ka tambaya ko ba ka tambaya ba.

Abin da ba ya faɗa shi ne zancen likita. Bara 'yarsa Munawwara, wadda ke aikin jinya, ta lallaɓa shi zuwa Kano aka duba masa ido. Likita bai ɓoye ba: idon dama ya riga ya tafi, na hagu kuma yana bin sahu. Tun daga nan ba a zauna lafiya ba. Ta roƙa, ta yi kuka, ta turo limamin unguwa, har makullin motar ta taɓa ɓoyewa a cikin buhun masara. Sulle ya aika kasuwa aka yanko masa wani. Ko da safiyar nan sai da ta tare shi a zaure.

"Baba, don girman Allah ka ajiye motar nan. Me ka rasa? Ci ne ko sutura?"

"Munawwara, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gano shi ba."

"Ai hangen ne matsalar, Baba."

Wannan amsar ta yi masa zafi, kuma har yanzu tana cinsa. Gaskiyarta ne, bai rasa ci ba, bai rasa sha ba. Amma tun da matarsa Ma'u ta rasu gidan ya yi masa faɗi, kuma a duk faɗin garin nan tasha ce kaɗai wurin da ake cewa "ina Baba Sulle?" don ana bukatarsa, ba don a gaishe shi kawai a wuce ba. Tsoro yake ji, tsoron tabarmar ƙofar gida, inda ya ga sa'o'insa sun zauna ɗaya bayan ɗaya suna korar ƙuda har aka zo aka ɗauke su.

Fasinjan ba su da yawa. Buhunan gyaɗa takwas, maza uku a baya a kan buhunan, sai Hajiya Ikilima mai man gyaɗa a gaba, ta rungume jakarta. Da can sai an yi rigima a kan akori-kurar Sulle, yanzu kuwa mutane sun koma ƙananan motoci. Shi a ganinsa gaggawa ce irin ta mutanen zamani. Ikilima dai shekara ashirin ba ta hau motar kowa ba in ba tasa ba, sai dai ya lura 'yan kwanakin nan tun daga tashi har sauka bakinta ba ya rabuwa da salati. Ya ji daɗin hakan, ya ce a ransa baiwar Allah ta ƙara riƙo da addini.

Ya yi bismillah, ya tayar da mota. Da suka bar gari, jikinsa ya saki. Hanyar nan ba da ido kaɗai yake binta ba. Ya san inda kwalta ta ɓare, ya san kwalbatin da ke da tudu, ya san daga gangare zuwa kwana numfashi nawa ne. Hannunsa kan canja giya tun kafin ya yi tunani.

"Hajiya, kin tuna lokacin da duk nan burji ne?"

"Na tuna, Baba. La haula... ga mai babur nan."

"Na gan shi. Da damina sai mu kwashe wuni guda kafin mu isa Rogo. Mota ta kafe, kowa ya sauko, maza su tura, mata su karyo ganye a zuba ƙarƙashin taya. Mu isa duk mun yi buɗu-buɗu da taɓo, amma ana dariya. A lokacin direba mutum ne. In na tsaya a ƙauye, kafin in kashe mota an kawo fura."

Ya yi murmushi. Ya tuna maigidansa Shitu, mai tsohuwar gingimari, wanda sai da ya sa shi wankin mota shekara uku kafin ya bar shi ya taɓa sitiyari. Ya tuna amaren da ya kai gidan miji, suna kuka a gaba, ƙawaye na guɗa a baya a kan gado da kwalla. Alhazai, marasa lafiya, masu naƙuda, gawa ma ya ɗauka ba sau ɗaya ba, kuma bai taɓa yarda a ba shi ko sisi a kan gawa ba.

Suna dosar wani ƙauye ya danna hon: gajere biyu, dogo ɗaya. Wannan ita ce sallamarsa tun yana saurayi, kuma duk ƙauyukan hanyar sun san ta. A da, da an ji ta sai mutane su fito da gudu, wannan da saƙo, wancan da kaji a akurki, yara suna tsalle suna "Sulle! Sulle!" Yanzu ba ya iya rarrabe fuskoki, amma yana ganin motsi a gefen titi duk lokacin da ya danna, inuwoyi suna tashi, suna kai da kawo.

"Kin gani ko, Hajiya? Har yanzu suna tasowa."

Ikilima ta ce, "Suna tasowa kam," ta ci gaba da jan carbinta.

Lokacin kaka ne, kuma kowa ya san a kaka bakin kwalta na masu shanya ne. Wannan ya baza shinkafa, wancan barkono, wata ta yanyanka rogo ta shimfiɗa, a jera duwatsu a gefe don masu mota su kauce. Sulle ya san da haka, shi ya sa yake bin tsakiya. Amma da suka kusa Unguwar Liti, ya danna hon ɗinsa kamar kullum, sai ga babbar mota ta taso daga gaba ta cinye rabin hanya. Ya karkata dama. Da gefen idonsa na hagu ya hango fararen buhuna a jere bakin titi, ya auna su, ya ga ko ya gogi na ƙarshen ba wani abu ba ne, buhu ne.

Sai buhun ya miƙe tsaye.

"Baba, mutum! Mutum!"

Ƙafarsa ta riga kunnensa. Birki ya yi ƙara, motar ta ja taya a kan busasshen rogo, ta yi gefe, ta tsaya cak. Mazan da ke baya suka hantsilo kan buhuna suna salati. Wani abu ya yi ƙaras a ƙarƙashin tayar gaba.

Sulle bai san lokacin da ya fito ba. Ya dafa jikin motar ya zagaya. Wata tsohuwa ce cikin farin hijabi, tana tsaye, tsakaninta da ƙarfen motar bai kai kamu ɗaya ba. Faifan da take kwasar rogo da shi yana ƙarƙashin taya, ya dagargaje.

"Innalillahi. Baiwar Allah, na taɓa ki? Ki faɗa mini, na taɓa ki?"

"Ko ƙwarzane. Allah ya tsare." Ta matso tana leƙen fuskarsa. "A'a! Malam Sulle ne? Sannu, sannu da hanya. Ina gajiya? Ya iyali?"

"Lafiya lau, alhamdu lillahi."

"Ba ka gane ni ba ko? Hajo ce. Kai ka ɗauko ni daga Yammedi ka kawo ni garin nan ina amarya. Har ka tsaya a hanya ka saya mini rake, ka ce in sha in daina kuka, mijin ba dodo ba ne."

Ya tuna. Ya tuna har launin mayafinta, shuɗi mai zare-zare, ya tuna gadon ƙarfen da ya ƙi zama a bayan mota. Ya dube ta da kyau yana neman yarinyar nan a fuskarta, amma abin da ya gani fari ne kawai da duhu-duhu a tsakiya.

"Na tuna, Hajo. Ki yafe ni."

"Haba, ni ce zan ce ka yafe ni. Laifina ne. Kunnen ne ya yi nauyi, wallahi ban ji hon ɗinka ba. Da na ji, ai da tuni na hau tudu kamar kowa."

"Kamar kowa?"

"To ai haka muke yi." Tana magana da ƙarfi irin na masu nauyin ji, ba tare da wata manufa ba, tana kakkaɓe hijabinta. "Tun bara mai unguwa ya sa aka yi shela. In an ji hon ɗin Sulle, a janye yara, a kore awaki, kowa ya bar shanyarsa ya matsa sai ka wuce. Har ƙauyukan gaba haka suke yi. Aka ce bawan Allah ya yi mana wahala shekara da shekaru, yanzu ido ya gaza, kada a bari ya ɗauki alhakin rai a ƙarshen kwanansa. Ni ce dai yau na ba ka kunya."

Mutanen ƙauyen sun fara saukowa daga tudun da ke gefen titi, wasu riƙe da hannun yara. Sulle ya juya wajen Ikilima, wadda ta fito ta tsaya jikin ƙofa.

"Hajiya, kin san da wannan?"

Ta sunkuyar da kai. "Kowa ya sani, Baba. Har a tasha."

Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba tun da aka haife shi. A bayan kunyar kuma ga mamaki, don bai taɓa sanin ana ƙaunarsa haka ba. Shekara guda cur garuruwa suna barin aikinsu saboda shi, shi kuwa yana tasha yana ba da labarin kaza.

Wani magidanci ya matso ya gaishe shi, ya sa aka janye sauran buhunan. "Bismillah Baba, hanya ta buɗe. Ka ja a hankali, an aika gaba a faɗa musu kana tafe."

Sulle ya leƙa cikin motar. Injin yana ta aiki a hankali, lafiyayye, kamar yadda ya saba. Ya miƙa hannu ta taga ya kashe shi, ya zare makullin. Sannan ya laluba aljihu ya ciro waya ya miƙa wa Ikilima.

"Nemo mini Munawwara. Ba na ganin rubutun."

Bugu ɗaya ta ɗauka. "Baba? Lafiya? Me ya faru?"

"Lafiya ƙalau, kwantar da hankalinki. Ki je tasha ki ce wa Salisu ya turo Abdulmumini a babur, muna Unguwar Liti. Ya zo ya ƙarasa da mutane kasuwa."

"Motar ce ta lalace?"

"Motar lafiyarta lau."

Ya ji numfashinta ya canja, ya san kuka take shirin yi, sai ya katse wayar kafin ta sa shi ma ya yi.

Ya taka a hankali ya zauna a kan ɗaya daga cikin duwatsun shanya. Wata yarinya ta kawo masa ruwa a kwano, ya sha, ya yi hamdala. Hajo ta durƙusa tana tattara rogonta da ya warwatse, tana hurawa tana zubawa a zani.

"Hajo."

Ba ta ji ba. Ya ɗaga murya, har mutanen da ke tsaye suka juyo.

"Hajo! Ki gaya wa mai unguwa na gode, Allah ya saka da alheri. Ki ce masa a sake shela. Daga yau kowa ya yi shanyarsa, yara su yi wasansu."

"Ka ce me?"

Bai iya maimaitawa ba. Ya sunkuya, ya shiga laluben rogon a kan kwalta yana taya ta tsincewa.