Ki Ce Na Yi Tafiya

Felicia na durƙushe a kan jaka tana kokawa da zif, sai ga rurin nan ya taso daga ƙuryar ɗaki. Farfela ta farko ta kama, ta biyu ta bi bayanta, kafin ta huɗu ta ɗauka kajin tsakar gida sun watse sun bar tsabar da aka zuba musu. Ta saki zif ɗin, ta dafe ƙugu. To, matuƙi ya hau aiki, ko shayin safe ba a sauke ba.

Jirgin ba a wani fili yake ba, a kan tebur yake, cikin kwamfutar da Israel ƙanin mijinta ya kawo musu daga Kaduna bara, haɗe da sandar tuƙi da wasu 'yan lasifikoki biyu masu bakin tsiya. Tun daga ranar, Ephraim, ma'aikacin sashen gona na ƙaramar hukumar Gagarawa, mutumin da aikinsa rabon taki da duba cutar gero, ya zama matuƙin jirgin sama. Akwai jirage na zamani birjik a cikin abin, amma shi ya liƙe wa wani tsohon jirgin fasinja mai farfela huɗu, irin na zamanin kakanni. A cewarsa shi kaɗai ne jirgi, sauran duk kwamfuta ce ke tuƙa su.

Burinsa ɗaya ne, ya tashi daga Kano ya sauka Kartum. Kuma ba ya yarda da gajeriyar hanya: yadda jirgin gaske zai ɓata rabin yini a sama, haka shi ma zai ɓata a kan kujera. Akwai maɓallin da ake dannawa jirgi ya dakata, amma ba ya taɓa shi. "Kin taɓa ganin jirgi ya tsaya a sama yana hutawa?" Sai dai har yau bai taɓa ganin Kartum ba. Duk sanda ya miƙa, sai an ɗauke wuta, shi da fasinjojinsa su ɓace a sararin Chadi.

Ita duk wannan ba shi ne damuwarta ba. Ran Litinin ɗin Ista za a ɗaura auren ƙanwarta Dinah a Bukuru, kuma shekara huɗu ke nan rabon Ephraim da gidan iyayenta. Ba faɗa aka yi ba. Mota ce ba ta yi da shi: da an ɗan yi nisa sai cikinsa ya juya, shi ya sa ko wurin aiki a babur yake zuwa. Mutumin da ke ratsa gajimare kullum, Fijo ta gagare shi. Da Kirsimeti, sanda ta kai 'yarsu Purity ta zauna wajen kakanninta, wata tsohuwa a zumuntar matan coci ta ja ta gefe ta tambaye ta ko auren nata yana nan. Babanta kuwa bai tambaya ba, kallon ƙofa kawai ya yi bayan ta shigo, ya ga ba kowa a bayanta. Kallon nan ya fi tambayar yi mata ciwo.

Ta ɗaga labule ta shiga. Yana zaune da singileti, ga gorar ruwa da ƙullin gyaɗa a gefe, ido a kafe a kan wasu agogai barkatai da ke allon.

"Baban Purity, motar Baba Alhaji mai gidan nan kafin azahar za ta tashi. Na goge maka kaftaninka."

"Maman Purity, dubi ƙwan fitilar nan." Bai juyo ba. "Tun jiya ko ƙiftawa bai yi ba. Hutu ne, injinan niƙa duk a rufe. Yau ce ranar, na ji a jikina."

"Auren Dinah fa?"

"Ki gaishe su da kyau. Ki ce wa Baba aiki ne ya riƙe ni." Ya tura wani abu gaba, rurin ya ƙaru. "Kuma don Allah, duk wanda ya zo nemana, ki ce na yi tafiya."

"Haka zan ce?"

"Haka za ki ce."

Ta tsaya tana kallon ƙeyarsa. Da zagi ne ya zo mata, da ta samu sauƙi. Ta ce, "To, Allah ya kiyaye hanya," ta saki labulen.

Da hantsi sai ga Adda Mariyamu, matar mai gidan da suke haya, ta shigo ta ƙofar da ke tsakanin gidajen biyu, riƙe da kwanon dubulan da kwalbar turaren wuta, gudummawar amarya. Adda irin matan nan ce da ba a yi musu bayani sau biyu. Ta ajiye kayan, ta duba jaka guda ɗaya tak da ke bakin ƙofa.

"Ina ta mai gidan?"

"Ya yi tafiya, Adda."

"Tafiya? Ga babur ɗinsa can a jingine. Ina ya nufa?"

"Kartum."

"Kartum ta Sudan? A me?"

"A jirgi. Shi ma yake tuƙawa."

Adda ta karkata kunne wajen ƙuryar ɗaki, inda rurin ke fita ba ƙaƙƙautawa. Wata da watanni tana jin sa ta katanga, har ta taɓa ce wa mijinta Alhaji 'yan haya sun sayi janareto mai tari. Ta dubi Felicia, ta dubi labulen, sai ta toshe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa.

"Ikon Allah! Ya tafi ba ko sallama? To ya kewa, 'yar nan?" Ta ɗaga murya yadda za ta huda labule. "Allah ya dawo mana da shi lafiya. Ni dai a tsaraba lalle nake so, na Sudan, mai kama hannu!"

Daga ciki rurin ya ci gaba abinsa. Felicia ta yi dariya har da riƙe ciki, irin wadda ta daɗe ba ta yi ba. Amma da Adda ta fita, ta koma kan jakarta, sai ta ga kaftanin nan a rataye a jikin ƙofa, karin guga a miƙe. Ta sauke shi za ta mayar akwati, ta fasa, ta sake rataye shi.

Rana ta ɗaga sosai sanda Fijo ta tsaya a ƙofar gida. Haladu direba zai je Jos ɗauko Saudat, 'yar mai gidan nasu, Alhaji Gudaji, da ke karatun jinya, shi ya sa Alhaji ya ce a sauke su Felicia har ƙofar gida a Bukuru, tunda kusa da Jos take. Alhajin da kansa ya yi sallama, Adda na biye da shi, kuma daga ganin yadda ya haɗe fuska Felicia ta san an ba shi labari tsaf. Tsohon direban babbar mota ne, ya daɗe yana zirga-zirga tsakanin Maigatari da Damagaram kafin ya koma fataucin riɗi, kuma murya gare shi irin ta mai magana a kan ƙarar inji.

Ya zauna a kujerar da ta fi kusa da labule. Felicia ta durƙusa ta gaishe shi.

"Maman Purity, na ji an ce Malam Ifraimu ya yi tafiya."

"Haka ne, Baba."

"Ashsha. Da na sani ai da na ba shi sautu. To, tunda ba ya nan, ni ne ubanki a garin nan. Mutum nawa zan ce wa Haladu?"

"Ni kaɗai ce."

"Ke kaɗai." Ya gyara hula, ya saci kallon labule. "In kin isa, mahaifinki ya tambaye ki surukinsa, me za ki ce masa?"

Wasa ne, ta sani, kuma ta buɗe baki da niyyar ta mayar da wasa. Sai maganar ta fito ta wata hanya dabam.

"Na ce aiki, Baba. Na ce zazzaɓi. Na ce taron ofis, har sau biyu. Ina shiga coci in yi waƙa, in fito in yi wa tsohona ƙarya." Ta ja numfashi. "Bana kam zan ce ya yi tafiya. Ko ba komai wannan karon gaskiya zan faɗa. Ya daɗe da tafiya."

Adda ta daina murmushi. Alhaji ya sunkuyar da kai yana duban takalminsa. Felicia ta ji kunya ta rufe ta, ta miƙe da sauri ta ɗauki jaka don kada a ga idonta. 

Can sai muryar Ephraim ta fito daga ƙuryar ɗaki. "Alhaji. Don Allah ɗan shigo."

Alhaji ya ɗaga labule. "A'a! Malam Ifraimu, har ka dawo? Sannu da hanya!"

Felicia ta leƙa ta bayan kafaɗar Adda. Mijinta ya jiƙe sharkaf da gumi, gyaɗar ko kwancewa bai yi ba. A kan allon kuwa ga wani kogi ya miƙe, wani ya zo ya same shi sun haɗe, can gaba kaɗan ga wani siririn layi baƙi a cikin jan ƙasa. Ba sai an gaya mata ba. Ta sha ganin sa yana zana wurin nan da yatsa a kan tabarma.

"Kartum ke nan?" ta tambaya a hankali.

"Ita ce." Ya miƙe tsaye, hannunsa ɗaya har yanzu a kan sandar. "Alhaji, zauna nan. In ka tura gaba, ƙasa zai yi. In ka jawo, sama. Wancan layin shi ne titin sauka."

"Ni?" Alhaji ya ce, amma tuni ya naɗe hannun babbar riga ya zauna. "Ina birki?"

"Babu birki a sama."

"Hon fa? In wani ya shigo mini hannu?"

"Ba kowa a hanyar sai kai."

"Kai, wannan ai tuƙin 'yan gata ne."

Felicia ta ji tausayin mijinta ya kama ta, duk da haushin da ke cinta tun safe. Ta san daren da ya yi yana zagaye tsakar gida ranar da wuta ta yanke masa a kusa da iyakar Sudan. "Baban Purity, ka ƙarasa mana. Saura ƙiris. Za mu jira ka."

Ya dubi allon, ya daɗe yana duba. Sannan ya cire hannunsa daga sandar.

"Na san halina," ya ce. "In na sauke shi, sai na ce zan mayar da shi Kano."

Ya wuce ta gabanta ya zare kaftanin daga jikin ƙofa. Kafin ya gama saka takalmi Adda ta je gida ta dawo da lemun tsami guda uku da baƙar leda, ta danƙa masa. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya kamar an ba shi lambar girma.

An sa shi a gaba, an sauke gilashi. Haladu na tayar da mota suka jiyo ihun Alhaji ta taga.

"Ifraimu! Ƙasa na taho mini! Mariyamu, kauce! Wayyo, na wuce titin, ga kogi!"

Wata ƙara ta biyo baya, kamar an kifar da tiren kwanuka, sannan shiru, sannan dariyar Adda har da shewa. Ephraim ya runtse ido. Haladu, wanda bai san me ake ciki ba, ya taka birki.

"Malam, lafiya? In tsaya?"

"Mu je," in ji Ephraim. "Alhaji ne ya sauka."

Felicia ta cusa fuska a gyale tana ta dariya har suka fita daga Gumel, garin da suke zaune. Shi kuwa ya ƙanƙame lemunsa yana shinshina, ya tsura wa titi ido. Ta bayan kujera tana iya ganin gumi na bin wuyan kaftanin. Suna dab da Gagarawa Tasha ya ɗaga hannu, Haladu ya gangara gefe, Ephraim ya fita da gudu ya zagaya bayan wata bishiyar darbejiya.

Ta bi shi da gorar ruwa. Ya kurkure baki, ya wanke fuska, ya dafa bishiyar yana mayar da numfashi, idonsa ya yi jawur. Ko kwatan hanya ba su yi ba. A tsallaken titi wata tasi na lodi, ɗan kamasho na buga bayanta yana kira, "Gumel! Gumel! Saura mutum ɗaya!"

Ta ga ya juya ya dubi tasin. Ta daure ta dube shi.

"In ba za ka iya ba, ka koma," ta ce. "Ka gwada, na gani da idona. Zan gaya wa Baba ka gwada."

Ya miƙa mata gorar, ya taka a hankali ya nufi Fijo. Ya wuce ƙofar gaba, ya buɗe ta baya, inda take zaune, ya tsaya yana duban jakar da ta cinye rabin kujera.

"Haladu," ya ce, "ka bi da mu sannu. In na ɗaga hannu, ka tsaya. Zan riƙa ɗagawa da yawa."

Felicia ta shiga, ta janye jakar ta ɗora a cinyarta.