Laka a Rigar Idwal

Shekara arba'in da ɗaya ina zaune da wata baƙar riga a falona, kamar surukar da ta ƙi mutuwa. An rataye ta cikin gilashi a saman murhun jin ɗumi, daidai inda hoton aurenmu ya kamata ya zauna.

Mijina Idwal, tun yana saurayi mai haƙar kwal, ya buga zari-ruga wa ƙungiyar kwarinmu ranar da wata ƙungiya daga New Zealand ta zo Wales yawon wasa. An lallasa su, amma kada ka kuskura ka faɗa masa haka. Da aka tashi, kamar yadda aka saba, kowa ya tuɓe riga ya yi musaya da wanda ya kara da shi. Idwal ya samu ta wani ƙato mai suna Rawiri, duk ta yi kaca-kaca da laka. Dokar gidanmu ɗaya ce: ba a wanke ta. Duk baƙon da ya shigo, ko mai gyaran famfo ne, sai ya ji yadda Idwal ya kayar da Rawiri saura taku biyu ya tsallake layin cin maki. Na ji labarin nan har ina iya gyara masa idan ya yi tsallake.

Abin da ban taɓa faɗa ba shi ne, watanmu uku da aure na wanke ta. Wari take kamar mushe, ni kuma ina da ciki. Da ta bushe fes sai tsoro ya kama ni, na fita bayan gida na cuɗa ta cikin ƙasar kabejina, na mayar.

Bara sai ga wata mata, Hinewai, 'yar Rawiri. Ta sha shayi, ta ci kek ɗina, ta saurari labarin taku biyu har ƙarshe, baiwar Allah. Sannan ta fito da 'yar kwalba.

"Kawu, Baba ya rasu a watan Mayu. Bai daina maganar filin nan naku ba. Na zo in ɗebi ƙasarsa in zuba masa a kabari, sai na tarar an shimfiɗa kwalta, motoci ke kwana a wurin. Ko za ka bar ni in kankare kaɗan daga lakar rigar?"

Idwal ya miƙe yana neman makullin gilashi. Yi wa miji ƙarya abu ɗaya ne, amma mace ta ƙetare duniya ta kai wa ubanta takin kabeji? Ban iya ba.

"Tsaya, 'yar nan," na ce. "Wannan ba lakar fili ba ce. Ni na wanke rigar tun kafin a haife ki. Ƙasar lambuna ce."

Na jira Idwal ya yanke jiki ya faɗi. Ko juyowa bai yi ba.

"Eirlys, kin ga makullin nan kuwa?"

"Ba ka ji abin da na ce ba ne, tsoho?"

"Na ji mana. Ta taga ma na hango ki ranar, kina durƙushe kina dirza kamar mai hauka. Ke a zatonki ina aka samo ƙasar lambun? Dutse ne zalla a bayan gidan nan da na saya. Baro goma sha bakwai na turo daga filin, daga kusurwar da na kayar da shi. Ba ki taɓa tambayar abin da ya sa kabejinki ke cin gasa ba?"

"Ka sani? Shekara arba'in ina zufa duk sanda ka nuna rigar nan, ka sani?"

"To, ai ba ki tambaya ba."

Wallahi da butar shayin ba ta uwata ba ce, da a kansa za ta ƙare.

Hinewai tana dariya tana share hawaye. Muka fita baya mu uku, cikin yayyafi. Idwal ya durƙusa da ƙyar a kan gwiwarsa da ta lalace, ya cika mata kwalbar da hannunsa, ya daɗe bai rufe ba.

"Ki gaya masa saura taku biyu ne," ya ce. "Shi kullum ɗaya yake cewa."

Ni na ɗaga Idwal daga durƙuson. Har yau ban huce ba.