Tiyar Gero a Maraɗi da Alƙahira

Sati uku Malam Nu'uman ya yi yana yawo da takarda ɗaya a aljihun gaba, har ta yi laushi don gumi. Ya ja layi a tsakiyarta. Gefe guda ya rubuta Maraɗi, ɗaya gefen Alƙahira.

Ɗansa Babaji ne ya jawo mashi wannan aiki. Shekara huɗu ke nan da sojoji suka koma bariki, wayar hannu ta shigo gari, shi kuwa yaron ya samu wani irin aiki da uban bai taɓa jin irinsa ba. Yana zaune a Ƙofar Sauri yana fassara littattafan Larabci, ya aika wa masu aikin a ƙasar waje ta kwamfuta, su biya shi. Matsalar ita ce wuta, da layin intanet na shagon da yake zuwa a GRA, wanda shafi ɗaya kan cinye mashi yini. Don haka ya ce zai ɗauki matarsa Haulat su koma Alƙahira, inda ya yi karatu.

Malam Nu'uman bai ce a'a ba. Cewa ya yi in dai barin ƙasa ne, ga Maraɗi nan bayan Jibiya. Tun da shi ma ya yi ritaya daga aikin sito, sai su kama gida ɗaya can, ya riƙa cin fanshonsa. Zai kuma tabbatar da cewa can ta fi araha.

Kamar yadda ubansa ya koya mashi, ana sanin tsadar gari ne da abu uku: tiyar gero, damin itace, da ragon suna. Farashin Maraɗi bai ba shi wuya ba, don Hamman, Bafulatanin da ke riƙe mashi shanu, yana ƙetarawa duk wata. Na Alƙahira ne ya sa shi zarya har sau uku gidan Alhaji Almu mai kawo yadi daga can, a Ƙofar 'Yandaka. Bayan an gaisa, an tambayi iyali da kasuwa da gajiyar hanya, Alhaji ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Gero? Malam, ni dai ban taɓa ganin tiya a garin nan ba. Burodi suke ci, kamar kyauta."

Malam Nu'uman ya rubuta "babu" da manyan baƙaƙe, ya dawo gida ransa fari.

Bayan la'asar ya kira Babaji zaure, ya shimfiɗa takardar bisa tabarma. Kubura, uwar yaron, ta tsaya bakin ƙofa da tsintsiya a hannu.

"Karanta da kanka. Garin da babu gero, mi za ka ba iyalinka?"

Babaji ya karanta har ƙasa, ya juya bayanta.

"Baba, ina layin wuta? Ina na intanet?"

"Wa zai tambaya? Hamman?"

"To ai su ne suka kore ni. Ba gero ya hana ni aiki ba." Ya ɗauki biro ya yi ɗan lissafi a gefe. "Kuma fanshonka in an mayar da shi sefa, bayan kuɗin haya, ko itacen ba zai saya ba. Nan gidan naka ne, hatsi daga gonarka, nono daga Hamman. Can komi saye za ka yi. Ga tantancewar 'yan fansho, sai ka zo da ƙafarka."

"Na gaya mashi," in ji Kubura. "Mutumin da bai iya kwana ko Batagarawa nan kusa ba, wai shi ne zai zauna wata ƙasa."

"Ke, da ke nake?"

Ya fizge takardar. Sati uku na wahala, ga shi hannunsa ne ya rubuta abin da ya kayar da shi. Ya daɗe yana kallon layin da ya ja a tsakiya, sannan ya yi magana ba tare da ya ɗaga kai ba.

"To saura ɗaya, ban rubuta shi ba. In na cika da hantsi, kafin azahar an kai ni. Daga Maraɗi awa biyu ne, za ka samu sallata. Daga Alƙahira fa?"

Kubura ta aje tsintsiyar. Babaji, wanda ya ci sunan kakansa Muhammad Sani, kuma uban bai taɓa kiran sunan da bakinsa ba, ya sunkuyar da kai.

"Ba zan iso ba, Baba. Ba zan yi maka ƙarya ba. Amma in na zauna, aikin zai kuɓuce. Sun ba ni wata ɗaya."

Da ma ya yi ƙarya, da Malam Nu'uman ya samu abin yi wa faɗa. Ya ninke takardar huɗu ya mayar aljihu.

"Shekara biyu. Rana ɗaya ba za ka ƙara ba."

Ana jibi tafiya ya fito da buhu tsakar gida, ya auna tiya goma ta geron gonarsa da hannunsa, ya ɗaure. Babaji ya gwada ɗagawa, ya sosa ƙeya.

"Baba, jirgi awo yake yi. Kilo ashirin ne kowa, har da tufafi da littattafai."

"Ko geron ma sai sun sa mani baki?"

Ya kwance buhun yana tsaki, ya fara mayarwa cikin ƙwarya, tiya bayan tiya, kowace sai ya dubi ɗan nasa ko zai ce ya isa. Sai da ya rage biyu.

"Wanga ba na ci ba ne," ya ce da Haulat. "In kin haihu, da shi za a yi maki kunu. Kar ki bari ya ba jikana burodi."